Gwangwani Uku

A bayan rumbu, inda inuwar ɗorawa ke faɗuwa da la'asar,
gwaggona Barmani ta girke bahon roba,
ta ɗebo ruwan saman da ta tara tun Agusta.
Na rijiyarmu gartsi gare shi, in ji ta,
yana kashe kumfa tun ba a haife ta ba.

Jibi kasuwar Gujungu.
Gora arba'in na jiran sabulun ruwa,
ni kuwa hutu ya maido ni daga Dutse,
littafi a hammata, baki cike da karatu.

Na ce, Gwaggo, kin san mazauna bahon nan?
Wasu 'yan mitsi-mitsi ne da ido bai isa ba,
kamar 'ya'yan kwaɗi a kududdufi.
Kai na son ruwa, jela na gudunsa,
ita jela maiƙo take nema.
In sun yi yawa sai su dunƙule kamar curin dawo,
jela ciki, kai waje,
su sace maiƙon tukunya su ɓoye a tsakiya,
su tafi da shi ba shari'a.

Ta ce, miƙo muciya.

Na ce, sai dai kawunan ba sa ga maciji.
Halinsu ɗaya, kowa na ture ɗan'uwansa,
shi ya sa curin ba ya girma,
yana ta mirgina, ruwa tsululu,
mai saye ya girgiza gora ya ce an yi algus.

Ta kwance ƙullin gishiri.
Gwangwanin tumatir ɗaya. Ta juya.
Na biyu. Muciya ta fara jin nauyi.

Na ce, ga dattijon sulhu ya shigo!
Gishiri kan zauna tsakanin kai da kai,
ya sanyaya rikici, su matso kafaɗa da kafaɗa.
Curi ya miƙe ya zama tana,
tana ta zama igiyar guga,
igiya ta sarƙe da igiya
har ruwa ya rasa ta inda zai bi.
Kaurin da kike gani ke nan.

Na uku. Ta ɗaga muciya,
sabulu ya biyo ta kamar yauƙin kuɓewa, bai tsinke ba.
Sai akuyar Jatau ta faɗa wa shanyar gero,
Barmani ta zari kara ta bi ta.

Ni da gwangwani muka dubi juna.
In uku sun yi wannan aiki, ina ga biyar?

Na zuba. Na ƙara. Na juya.
Muciya ta yi sakayau a hannuna.
Igiyoyin sun yi rassa, suna zamewa,
ba mai riƙe wani,
kauri ya gudu, baho ya yi fari kamar ruwan gasara.
Bayanin na nan a shafi na gaba,
wanda ban kai ba.

Ta dawo, ta tsoma yatsa biyu, ta murza.
Ba ta yi faɗa ba.
Ta shiga ɗaki ta fito da bokiti rufe da faifai,
haɗin da bai ga gishiri ba,
wanda take ragewa kullum, ta ce, saboda masu ilimi.
Ta tuttula a hankali, tana juyawa,
har igiyoyin da ba ta taɓa gani ba
suka sake kama juna.

Turaren lemun tsami ya zo ƙarshe, ɗigo-ɗigo.
Na buɗe baki zan ce shi ma cikin curi yake kutsawa,
na tuna, na rufe.

Ta ce, me ka ce sunansu?
Na faɗa mata da Turanci.
Ta juya kalmar a baki kamar ƙwallon dabino,
ta ce, ko su wane ne,
a bahon nan gwangwani uku suke ci.
Riƙe mazurari, magariba ta kusa.